Ba ɓarawo kaɗai ke raba mai fasaha da haƙƙinsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in tofa albarkacin bakina a kan haƙƙin mallakar fasaha. Marubuta da mawaƙa da masu zane sun daɗe suna kokawa a kan wannan batu, amma kusan kullum kukan nasu a kan ɓarayin fasaha yake tsayawa. Ba na musun ɓarnar da waɗannan ɓarayi suke yi, sai dai a ganina abin da ya fi raba mai fasaha da guminsa shi ne hannun da ya sa da kansa a kan takardar da bai karanta ba.

Mutane da yawa suna zaton sai an yi wa aiki rajista kafin doka ta san da zamansa, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a Suwizalan a 1886 kuma ƙasashe fiye da 180 suke cikinta a yau, ta hana a gindaya wa baƙon marubuci sharaɗin rajista, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa ta ba shi kariya irin wadda take bai wa ɗan ƙasarta. Da zarar mutum ya rubuta littafinsa ko ya naɗi waƙarsa, shi kaɗai ke da ikon ba da izinin a kwafa, ko a fassara, ko a watsa a rediyo, ko a mai da aikin fim. Wannan iko yana tare da shi tsawon rayuwarsa, sannan ya koma ga magadansa na aƙalla shekara 50, a Amurka da Tarayyar Turai kuwa shekara 70. Rajista tana da amfaninta a matsayin hujja ranar shari'a, amma ba ita ce ta haifi haƙƙin ba. Abin da doka ba ta karewa shi ne tsuran tunani, domin kowa yana iya rubuta labarin maraya da ya zama attajiri, muddin bai ɗauki kalmomin wani da tsarin labarinsa ba.

To, wannan dukiya da doka ta miƙa wa mai fasaha kyauta, ana sayar da ita kamar kowace dukiya, kuma a nan gizo yake saƙar. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya ba kamfani izinin buga littafinsa na shekara biyar a harshe ɗaya, da wanda ya sallama haƙƙin ɗungurungum a kan kuɗin da aka danƙa masa rana ɗaya. Na farko aikinsa zai dawo masa idan wa'adi ya cika. Na biyu kuwa, ko da littafin ya yi kasuwar da ba a taɓa zato ba, aka fassara shi, aka yi fim da shi, ba shi da sisi a ciki, kuma idan ya sake buga shi da kansa, shi doka za ta kama. Haka ma wanda ya ƙirƙiri abu a bakin aikin da aka ɗauke shi domin sa, a ƙasashe da dama mai biyansa albashi ne mai haƙƙin, sai fa idan an rubuta akasin haka.

Masu tsara doka sun daɗe da gane cewa mai buƙata ba ya iya ciniki. Dokar farko ta irin wannan haƙƙi, wadda aka yi a Ingila a 1710 zamanin Sarauniya Anne, ta ba da kariyar shekara 14, sannan ta ce idan wa'adin ya ƙare marubucin yana raye, haƙƙin ya koma hannunsa na wasu shekara 14, ko da ya riga ya sayar wa mai buga littattafai. Dokar Amurka ta 1976 ma ta ba marubuci damar warware cinikin da ya yi bayan shekara 35. Amma wane ne zai jira shekara 35 kafin ya ci moriyar aikinsa?

Wani abin da ke sanyaya zuciya shi ne ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Berne a Rum a 1928, wanda ya tabbatar cewa ko an sayar da aiki, mai shi yana da haƙƙin a ambaci sunansa, kuma yana iya hana a gurɓata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. A Faransa wannan haƙƙi ba ya sayuwa, amma a Ingila marubuci yana iya yafe shi a rubuce, kuma sau da yawa layi ɗaya ne a ƙarshen takarda yake yin wannan aiki.

Saboda haka nake roƙonka, ya Edita, ka nemo lauya masani ya kawo mana samfurin irin yarjejeniyar da mai fasaha yake ƙullawa da kamfani a shafin adabi, ya warware ta sashe bayan sashe da Hausa: tsawon wa'adinta, ƙasashe da harsunan da ta shafa, kason mai fasaha a cikin ciniki da lokacin da za a riƙa ba shi lissafi, da kuma ma'anar jimlar nan da ake yawan cusawa, wadda take miƙa wa kamfani har hanyoyin yaɗa aiki da ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Na gode, Allah Ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku