Amsa ga malamin da ya tambaye ni kan wasan ƙanjamau

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin lafiya na rediyo ka bugo waya kana tambaya: me ya kai ma'aikaciyar jinya kallon wasan kwaikwayon Turawa a kan 'yan luwaɗi, har tana ambatonsa a bainar jama'a? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na rubuto.

Wasan shi ne It's a Sin, wanda tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna a 2021, labarin wasu samari a Landan daga 1981 zuwa 1991. Ba na yara ba ne, ni ma akwai wuraren da na kawar da kai. Maganar hukunci kuwa ta malamai ce, ni aikina jinya, kuma da idon jinya na kalla.

Na ga an kulle majinyaci shi kaɗai a ɗaki, ana ajiye masa abinci daga bakin ƙofa. Na ga iyaye sun ɓoye ɗansu a gida don kada maƙwabta su ji, wasu kuma sun ƙone kayan nasu ɗan. Wallahi Malam, duk na san wannan. Haka aka yi wa matan aure a nan, waɗanda suka ɗauki cutar a ɗakin aurensu, dangi suna cewa sammu ne, har ta kai su kushewa ba a gwada jininsu ba.

Sai maganar magani, wadda ita ce ainihin amsata. A Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton maza 5 'yan luwaɗi a Los Angeles masu wani baƙon ciwon huhu, wanda daga baya aka gane ƙanjamau ce sanadinsa. Da yake an ɗauka cutar waɗancan mutanen ce kawai, gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Sai a 1987 Shugaba Reagan ya yi cikakken jawabi a kanta. A shekarar ne masu cutar da abokansu suka kafa ƙungiyar ACT UP a New York, lokacin da maganin ƙanjamau na AZT yake cin kusan dala 10,000 a shekara. A 1988 suka yi wa hukumar magunguna ta FDA ƙawanya, suka matsa a gaggauta gwajin sababbin magunguna. Haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar ya fito a 1996. Daga 1998 ƙungiyar TAC ta masu fafutukar samun magani a Afirka ta Kudu ta ɗora da irin wannan gwagwarmaya a kan farashi, har a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin shekara a kan dala 350. Ƙwayar da nake miƙa wa mai juna biyu don kada jaririnta ya kamu, ta wannan hanyar ta biyo, ko mun so mutanen ko mun ƙi.

Inda nake ƙorafi da irin waɗannan wasannin shi ne, labarinsu bai cika wuce Landan da New York ba, alhali kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da cutar suna Afirka kudu da Sahara, kuma mata sun fi yawa. Namu labarin yana nan jibge. A Agustan 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa, mawaƙi Fela, a lokacin da kowa yake ɓoye nasa. Marubutanmu na Kannywood nake jira su ɗauko irin wannan.

Wassalam,
'Yar'uwarka ma'aikaciyar jinya.