Ku ba ni sakamakon gwajin tukwanen iskata a rubuce

Zuwa ga Manajan wurin gwajin tukwanen iskar nutso,

Bayan gaisuwa. Amsar da ma'aikacinku ya ba ni a waya ranar Talata ce ta sa na rubuto a bainar jama'a. Na tambaye shi dalilin da ya sa kuka huda tukunyar iskar da nake nutso da ita, sai ya ce wai ta tsufa, in zo in sayi sabuwa a wurinku, ya kashe waya.

Tun watan Maris na kawo muku tukwane biyu don gwajin matsi na bayan shekara 5, na biya kuɗin a take. Ta ƙarfen, mai lita 12, ta dawo da sabon tambarin cin gwaji a kafaɗa da ruwa kwance a cikinta, har tsatsa ta fara ci. Busar da tukunya bayan gwaji ai ko ɗan koyo ya san wajibi ne. Wannan iskar fa ita nake shaƙa a ƙarƙashin ruwa.

Ta alminiyum kuwa, ƙirar 1998, kun lalata ta ba tare da kun tuntuɓe ni ba. Shekaru ba su ne ke yanke wa tukunya hukunci ba. Ana cika ta da ruwa, a matsa ta fiye da ƙa'idar aikinta, mai aiki da matsin bar 207 (bar ma'aunin matsi ne) a kai ta wajen bar 345, a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma. Idan kumburin da ya zauna ya wuce kashi 10 cikin 100 na jimillar kumburin, ta faɗi. Tawa nawa ta nuna? Idan kuma tsagewar wuyan tukunya kuke tsoro, da alminiyum samfurin 6351 aka san wannan cuta, an kuwa daina ƙera tukwanen nutso da shi tun kafin a yi tawa.

Na sake kira, na aika saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ina neman takardar gwajin tukwanen biyu da alƙalumansu, ku wanke ta ƙarfen ku sake duba cikinta, ku biya ni wadda kuka huda. Sannan ku fito ku faɗa wa masu nutso tukwane nawa kuka soke wa mutane ba takarda, alhali kuna sayar da sababbi. Wanda ya buga tambari a kan jiƙaƙƙiyar tukunya, me zai sa in yarda ya gwada ta ma?

Naku,
Wani mai nutso da ke jiran amsarku