Kwana biyar a bakin teku da Duna da Gajera

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Kin ce hotunan da na tura ba su ishe ki ba, labari kike so. To ga shi na zauna na rubuta, don a waya yara ba sa barin mutum ya kai aya.

Kin dai san yadda karenmu Duna ya zo hannunmu. Na tsohuwar nan ne maƙwabciyarmu, wadda ta riƙe mu kamar 'ya'yanta lokacin da muka tare a unguwar ba mu san kowa ba. Da jikinta ya yi rauni aka kai ta gidan kula da tsofaffi, can kuwa babu wurin kare, sai ta roƙe mu mu riƙe mata shi. Karyarmu Gajera daga baya ta zo, nacin autarmu ne ya kawo ta. Duk sa'ad da na je duba tsohuwar, zancenta ɗaya ne: bakin tekun Bamburgh, can arewa maso gabashin Ingila, inda ita da marigayi mijinta suke kai Duna duk shekara tun yana ɗan kwikwiyo. Bana shekararsa 12, irinsu Labrador kuwa ba kasafai suke wuce haka da yawa ba. Ƙafafunsa na baya sun fara gazawa, in ya kwanta sai ya yi ta dabara kafin ya miƙe. Shi ne na ce wa baban yara mu kai shi bana, don ba mu da tabbacin baɗi.

Muka jira hutun makaranta na mako guda da ake yi ƙarshen watan Mayu. Daga Birmingham zuwa can kusan mil 250 ne. Shirin karnukan ya fi namu cin lokaci. Sai da muka nemo gidan haya da ya yarda da dabbobi, muka kai su likita ya duba rigakafinsu, ya kuma karanta 'yar na'urar shaida da ake sa musu a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta tun 2016. A mota ma ba a barin kare ya yi ta yawo, ƙa'idar tuƙi ta ce a tsare shi yadda ba zai ɗauke hankalin direba ba, ba zai kuma ji ciwo ba in an taka birki da ƙarfi. Gajera muka sa a kejinta, Duna kuma muka shimfiɗa masa katifarsa a but, da raga tsakaninsa da yara.

Bayan asuba muka kama hanya, muka hau babban titin M1, daga bisani muka koma A1 wadda ta miƙe sambal zuwa arewa. Tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba sai da ta ci mana kusan takwas, domin duk bayan awa biyu ko ƙasa da haka sai mun tsaya su sha ruwa, su miƙe ƙafa. Duk inda muka tsaya kuma ba ma shiga ciki gaba ɗaya, sai wani ya zauna da su a waje. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jiki, mota a rufe kuwa cikin ɗan lokaci take zama tanda ko da ranar ba ta yi zafi ba. Wannan abu ne da ba na wasa da shi ko kaɗan. A Gateshead muka tsaya a gindin wani ƙaton gunkin ƙarfe mai fukafukai da ake hangowa daga titi, Angel of the North. A 1998 aka kafa shi, tsayinsa mita 20, faɗin fukafukan mita 54. Yara suka yi ta ɗaga kai, Gajera ta yi masa haushi biyu ta koma bayan ƙafata.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Saura 'yan mil mu isa, ba mu ma hango ruwa ba tukuna, baban yara ya ɗan sauke gilashi. Duna da ya wuni a kwance kamar buhu sai ga shi ya miƙe tsaye, ya kafa hanci a raga yana wani siririn kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Da muka ajiye mota muka bi ta cikin tuddan yashi, karen da kullum ni ke jan sa, yau shi ke ja na. Ba mu nuna masa hanya ba, shi ya nuna mana. Muna hawa tudun ƙarshe sai ga yashi fari tas iya ganin ido, ga tsohuwar fadar Bamburgh a kan dutse tana kallon teku, ga tsibirai can a tsakiyar ruwa. Wannan bakin tekun ba a hana karnuka shiga duk tsawon shekara, ba kamar wasu ba da ake rufe musu daga watan Mayu har ƙarshen Satumba. Na kwance masa igiya. Gudu dai ba zai iya ba, amma ya yi ta ɗingishi da sauri bai ko waiwayo ba har ya faɗa ruwa.

Yaya, ruwan nan sanyinsa har ƙashi, bai fi digiri 10 ba a irin wannan lokaci, ni ƙafa kawai na tsoma na janye. Shi kuwa yana shiga ya zama wani kare daban. Ruwa ya ɗauke masa nauyin jiki, gaɓoɓin da ke masa ciwo suka sami sauƙi, yana iyo kansa a sama, wutsiya tana juya shi kamar matuƙin jirgi. Da ma kakanninsu karnukan masunta ne daga Newfoundland ta ƙasar Kanada, shi ya sa suke da fata tsakanin yatsu da gashi ninki biyu da ruwa ba ya ratsawa da wuri. Babban yaronmu ya jefa masa ƙwallo kusa-kusa, ya ɗauko, ya sake jefawa, ya sake ɗaukowa. Bayan 'yan mintuna na sa aka fito da shi, muka goge shi da tawul sosai saboda tsufa ba ta son sanyi. Ina goge shi hawaye na zubo min. Ban san na shaƙu da dabban nan har haka ba.

Gajera ce ta tayar mana da hankali a daren farko. Wajen cafkar kumfar igiyar ruwa ta haɗiyi ruwan gishiri da yawa, tsakar dare sai amai da zawo. Muka kira likitan dabbobi a waya, ya ce a riƙa ba ta ruwa mai kyau kaɗan-kaɗan, in ta fara tangaɗi ko rawar jiki a kawo ta maza. Na kwana a zaune kusa da ita. Da safe ta warware. Tun daga ranar gorar ruwa da kwanonsu ba su bar jakata ba, ina ba su tun kafin ƙishi ya kama su, da yamma kuma mu wanke musu gishiri da yashi daga tafin ƙafa.

Rana ta biyu muka je Holy Island, tsibirin da ake shiga da mota ta kan wani titi da teku ke rufewa sau biyu a kowace rana. Akwai allo a bakin hanya da ke nuna lokacin da ake iya ƙetarewa, a tsakiya kuma an yi wata 'yar bukka a kan dogayen ƙafafu saboda waɗanda ruwa ya ritsa da su. Mun fito da sauran awa guda, muka tsaya daga tudu muna kallon ruwa na lallaɓowa har titin ya ɓace ɓat. Washegari kuma muka taka daga Craster zuwa kangon fadar Dunstanburgh, ta tsakiyar tumaki da 'ya'yansu. Nan kam igiya gajera muka riƙe, don karen da ya kori tumaki mai gona na da hurumin harbe shi in babu wata hanyar tsayar da shi. Duna bai kai ƙarshe ba, muka juyo tare da shi a hankali.

A Beadnell ma sai da igiya, saboda wasu fararen tsuntsayen teku da ke yin ƙwai a kan yashi, ga masu gadinsu dare da rana. Ɗaya daga cikin masu gadin ya gaya wa yara cewa tsuntsayen nan, Arctic tern, duk shekara sai sun je har ƙarshen duniya ta kudu sun dawo. Na daɗe ina kallonsu, 'yan ƙanana da su, ina tunanin wannan nisa.

Ranar da ta fi zauna min a rai ita ce ta huɗu. Baban yara ya kai yaran garin Seahouses suka hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Farne, inda ba a sauke kare saboda tsuntsaye, ni na zauna. Gajera ta gaji ta yi barci a kan mayafina, Duna ya ɗora haɓarsa a ƙafata. Babu ƙarar waya, babu agogon aiki, sai iska da motsin ruwa. Can nesa ina hango hasumiyar fitila ta Longstone, ja da fari, inda wata budurwa mai suna Grace Darling ta tuƙa kwalekwale tare da mahaifinta cikin guguwa a 1838 suka ceto mutum tara daga jirgin da ya fashe. Kabarinta yana nan cikin garin Bamburgh, autarmu ta sa sai da muka je. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama awa uku cur ba tare da ina lissafin abin da ke jirana ba sai ranar. Tafiyar tsohon kare ba ta da gaggawa, duk wanda zai bi shi dole ya rage sauri, mu ma haka muka yi kwana biyar. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, yini ya yi ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba.

Da muka dawo Duna ya yi kwana biyu yana barci, ci da sha kawai ke tashinsa. Ranar Lahadi na je wurin tsohuwar da bidiyon iyon da ya yi. Sau uku ta kalla. Ta tambaye ni ko ta hanyar tuddan da ke kudu da fadar muka bi, na ce shi ya zaɓa, ta ce ai nan suke bi kullum. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ma'aikatan gidan sun ce za mu iya kawo shi lambu ta gan shi, in Allah ya yarda Asabar mai zuwa za mu je.

Zan turo miki bidiyon ta waya, ki nuna wa Inna. Ki gaishe min da ita ƙwarai, ki ce ina neman addu'arta. Ki gaida maigidanki da yara duka, baban yara ma yana gaishe ku. Ina jiran amsarki.

Taki ƙanwa.