Kayan da ke bayan jarumi ba ado ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, musamman inda baƙon naku ya ce wai in dai labari ya yi daɗi jarumai sun iya aktin, to kayan da ke bayansu ba komai ba ne, duk gidan da aka samu a shiga a ɗauka. Haba malam! Kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi ya wuce.

Ni kafinta ne a kasuwar Panteka da ke Kaduna, na sha yi wa 'yan fim aiki, kuma irin wannan tunanin ne ke kashe mana finafinai. Ɗakin mace tun kafin ta buɗe baki ya gaya maka 'yar gidan waye, auren ya daɗe ko sabo ne, maigidan na samu ko babu. Ɗakin iyayenmu gado mai rumfa ne da jeren kwalla da langa da tasoshi har kusan rufi, randa a lungu, ga fitilar ƙwai, amma sai a ce maka labarin zamanin da ne, an ɗaura wa jaruma saƙi ga bokitin roba a gefenta ga wayar NEPA ta ratsa saman zaure, ko a ce talaka ne bashi ya yi masa katutu sai ka gan shi yana kuka a kan kushin na leda ƙasa duk tayil, to wa zai tausaya masa? Wani furodusa ya taɓa cewa in haɗa masa karagar sarki, na ce a ba ni lokaci, ya ce ai gobe za su fita lokeshan, ƙarshenta kujerar biki suka lulluɓe da darduma. Da fim ɗin ya fito yarana dariya suka dinga yi a daidai wurin da ya kamata sarkin ya ba da tsoro.

Kuma ba wurin dubawa aka rasa ba, gidan tarihi na nan kan titin Ali Akilu, su je su ga kayan da idonsu. Fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya yi tun 1976, ka kalli sutura da gidajen ciki ka san an zauna an yi tunani.

Dan Allah ku gayyato masu shirya wurin ɗauka su ma su yi magana, ba kullum jarumai da mawaƙa ba.

Sannan tallan mai maganin basir ɗin nan ya yi yawa, ana tsakiyar hira sai ku katse, ga layin wayarku ba ya shiga sam.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna