Kamfanonin intanet su daina sallamar masu amfani da Linux

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in koka kan yadda kamfanonin sayar da intanet ke yi wa duk wanda kwamfutarsa ba Windows ko macOS take ɗauke da shi ba.

Mai amfani da Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, ya san zancen. Intanet ta ɗauke, ka kira layin taimako, ma'aikaci ya ce ka danna Start ka shiga Control Panel. Kana cewa Ubuntu ne a kwamfutarka, wato wani nau'in Linux, sai ka ji, "Yi haƙuri, ba ma aiki da wannan." Magana ta ƙare ke nan. Bai duba ko daga wajensu layin ya yanke ba, bai ko tambayi fitilar rauta, wato na'urar rarraba intanet, ja ce ko koriya ba. Alhali kuɗin da mai Windows yake biya duk wata, shi muke biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, uzurin ba shi da tushe. Ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kansu, irin su TCP/IP da DHCP, a buɗe suke ga kowane tsari. Rautar da kamfanin ya kawo maka ma, sau da yawa Linux ne a cikinta, haka wayoyin Android. Tun 1991 Linus Torvalds ya fitar da Linux, balle a ce sabon abu ne.

Sai kuma modem na USB, na'urar da ake sokawa a kwamfuta don samun intanet. Ka soka shi, ya bayyana tamkar faifan CD ɗauke da manhajar Windows, ya ƙi zama modem. Sai da 'yan sa-kai suka rubuta wata manhaja mai suna usb_modeswitch kafin ya yi mana aiki, kamfanin da ya sayar da shi kuwa ko a jikinsa.

Kuma yawanmu ƙaruwa zai yi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Masu su da dama Linux Mint ko Ubuntu za su koma.

Ba mu ce sai ma'aikaci ya gwanance a kowane tsari ba. Ya fara duba layinsu kafin ya tambayi abin da ke cikin kwamfutata. Su kuma wallafa saitin haɗa layi, wato APN, DNS da PPPoE, a fili, su sayar da modem ɗin da ake saitawa ta burawuza. Sauran aikin mu za mu yi da kanmu.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum