Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukuma: Ina Yaranmu Suke Bayan An Tashi Makaranta?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin sakandare ne, kuma uba. Na rubuto maka a bainar jama'a ne domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma na san idan na bi ta ofis, a cikin fayil za ta kwana.

Kwanakin baya wata uwa ta same ni a makaranta. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini wasu 'yan ƙananan iri da guntuwar takarda a naɗe, bakinta a ƙone, waɗanda ta tsinta a aljihun wandon ɗanta tana wanki. Ta ce, "Malam, mene ne wannan?" Ta san ko mene ne, so take in ce mata ba shi ba ne. Ni ma na sani, tabar wiwi ce. Wata biyu ina ganin idon yaron ja, cingam ba ya barin bakinsa, turare kamar ya yi wanka da shi, ga gyangyaɗi tun a darasin farko. Na yi shiru don gudun kada a kore shi, kuma wannan shirun laifina ne.

Shekarunsa 15. Da ya saki jiki ya ba ni labari, abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin. Ba da tsakar dare yake busa wiwi ba. Tsakanin ƙarfe biyu ne da shida na yamma, a wani kango, daidai lokacin da uba ke wurin nema, uwa kuma ta ɗauka yana wajen ƙarin karatu. Wanda ya fara miƙa masa ɗan ajinsu ne, ba wani dila mai ban tsoro ba.

Ranka ya daɗe, waɗannan awanni huɗu su ne dalilin wasiƙata.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangarenta na gaba, mai auna abu kafin a aikata, shi ne na ƙarshen kammaluwa. A kan wannan ɗanyen gini sinadarin THC, wato abin da ke bugarwa a cikin wiwi, yake sauka. Cikin masu fara sha tun suna samari, kusan ɗaya cikin shida na kamuwa har ya kasa bari. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar mutane kusan 1,000 tun daga haihuwa har suka kai shekara 38, kuma sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara tun ƙuruciya suka ɗore sun yi asarar maki kusan takwas a ma'aunin kaifin basira. Wani binciken na 2019, a biranen Turai da Brazil, ya gano mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfin ce, kusan sau biyar.

Sai dai a nan muke yin kuskure, mu manya. Mukan ce wa yaro duk wanda ya sha zai haukace. Shi kuwa ga abokinsa nan shekara guda yana sha, yana buga ƙwallo, bai tuɓe a titi ba. Daga ranar ya ɗauke mu maƙaryata, ko gaskiya muka faɗa ba ta shiga.

Kowace shekara ranar 26 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, akan buga riguna, a yi tattaki, a tara ɗalibai a rana su saurari jawabi. Washegari kango na nan da mutanensa. Ba mu muka fara ba. A 1983 aka ƙaddamar da shirin hana yara shaye-shaye mai suna DARE a birnin Los Angeles na Amurka, inda 'yan sanda cikin kaki ke shiga aji suna jan kunnen yara. Ya bazu ko'ina, ya ci kuɗi, amma da aka auna shi a shekarun 1990 sai aka ga tasirinsa kan shaye-shayen yaran bai taka kara ya karya ba, har daga baya suka sauya manhajar.

Ƙasar Iceland ta bi wata hanyar. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 a can sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya wuce, kashi 17 kuma sun taɓa shan wiwi. Hukuma ba ta ƙara yawan jawabai ba. Ta fara ne da tambayar yaran, ta takardar da ba a rubuta suna: nawa ne lokacin da kake yi da iyayenka, sun san inda kake da yamma, me kake yi bayan makaranta. Kowane yanki aka ba shi nasa sakamakon ya ga inda yake yoyo. Aka hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe goma na dare a lokacin sanyi, iyaye na zagaya unguwa a ƙungiyance, suna kuma sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu. Reykjavik, babban birnin ƙasar, ya riƙa ba kowane yaro tallafin shiga wasanni ko kiɗa ko zane, ƙarƙashin ƙwararren mai koyarwa. Zuwa 2016 masu buguwa sun dawo kashi 5, masu wiwi kashi 7. Na san za a ce ƙasa ce ƙarama mai arziki. Gaskiya ne. Amma takardar tambaya da zagayen iyaye nawa suke ci?

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. A yi irin wannan tambayar a makarantunmu, don a yanzu kowa hasashe yake yi, har da ni. Filayen makarantu da ake garƙamewa da zarar an tashi, a buɗe su har yamma, a kuma biya wanda zai tsaya. Wannan biyan nake so ka riƙe, domin filin da babu babba a cikinsa shi ma kango ne, kuma ɗan sa-kai na gajiya a wata na uku. Ba kowane yaro ne ɗan ƙwallo ba, a nemi masu sana'a su karɓi biyu-biyu ko uku-uku. Masu kangaye kuma a sa su toshe ƙofofinsu.

Sai batun kame. Idan aka jefa ɗan shekara 15 a sel tare da riƙaƙƙun masu laifi, zai fito da lambobin waya da bai shiga da su ba, dilan kuwa yana zaune a inda kowa ya sani. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Korar yaro daga makaranta ma haka take, an mayar masa da awa huɗu ta koma yini guda. A bi dila da hukunci, yaro kuma a samar masa mai ba da shawara wanda iyaye za su je wurinsa ba tare da fargabar tonon asiri ba. Da akwai irin wannan wuri, da ban yi wata biyu ina kallon yaron nan ba.

Yanzu kullum in an tashi yakan zauna a ofishina yana taya ni jera takardu har mahaifinsa ya biyo ya ɗauke shi. Wani lokaci ya yi fushi, sau biyu ya zille. Kujera ɗaya ce ta baƙi a ofishin, kuma a ajinsu kaɗai na ƙirga wasu huɗu masu irin idonsa. Filinmu na bayan ajujuwa, mabuɗinsa na hannun maigadi, kuma ya ce ba zai buɗe ba sai da takarda daga sama.

Naka mai biyayya,
Wani malamin sakandare