Zuwa ga Abba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Jamus bai sake kwantar da kai ba. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Hajiya da ke ɗan taɓa ta.

A bakin Zainabu na ji cewa maƙalar nan ta fito, wadda aka rubuta kan sinadarin da ka tsamo daga ƙwayoyin ƙasar fadamar Kawu Sale, kuma sunanka ne na huɗu. Wai har an fara zancen rajistar mallaka, wato takardar da ke nuna masu haƙƙin abin da aka gano, ba a neme ka ba. Ta ce ka hana a faɗa mini. To, an faɗa. Kai da kanka ka taɓa gaya mini cewa a fanninku sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na mai ɗakin gwaji. Na huɗu na wa ke nan?

Kada ka ɗauka raina aikinka nake. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗakin magani na asibitin gwamnati na san daga ina penisilin ya fito, funfuna ce ta faɗa wa masanin kimiyya Alexander Fleming a farantin gwaji a 1928. Na san da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na miƙa wa mutane ta taga, asalinsu ƙwayoyin ƙasa ne dangin Streptomyces. Lokacin da dangi suka taru a kaina wai don me ɗana zai bar karatun likita ya koma kiwon funfuna, ni kaɗai na tsaya maka. Ka san abin da aka sayar a shekarar.

Abin da ke hana ni barci daban ne. A 1943 wani ɗalibi ɗan shekara 23, Albert Schatz, shi ya yi ta kwana a ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa a jami'ar Rutgers ta Amurka har ya ware streptomycin, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Malaminsa Selman Waksman ne duniya ta sani. Sai da yaron ya kai ƙara kotu a 1950 kafin a yarda cewa tare suka gano, amma da aka zo ba da kyautar Nobel a 1952, Waksman kaɗai aka kira. Shi kuwa Schatz, manyan ɗakunan bincike suka juya masa baya don ya kai malaminsa ƙara, har ya tafi koyarwa a ƙasar Chile. Wannan fa Bature ne a ƙasar Turawa. Ga kuma Abelardo Aguilar, likita ɗan Filifin, wanda ya aika wa kamfanin Eli Lilly ƙasa daga Iloilo a 1949. A cikinta aka samo erythromycin, wanda na ƙirga wa marasa lafiya ba adadi. Ya nemi a ba shi wani kaso, ya mutu a 1993 bai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk sanda na tuna ka tsugunne a fadama kana ɗura ƙasa a kwalabe, mutumin nan nake gani.

Kuma halinka na sani. Tun kana ƙarami in an ƙwace maka abu sai ka yi murmushi ka ce ba komai. Wannan ba haƙuri ba ne, Abba, sakaci ne, kuma ka ga inda irinsa ya kai Kawu Sale a maganar gado. Shekararka talatin da huɗu, kana kwantiragi na uku, kowanne na shekara biyu, ba mata, ba gida, ba kujera a jami'a. Jarin malamin jami'a sunansa ne a kan maƙala. In ka bari ana tura shi baya, da me za ka nemi aiki? Da shaidar cewa kana da ladabi?

Ban ce ka yi rigima da farfesanka ba, ban kuma yanke masa hukunci ba, tunda ɓangare guda na ji. Ka same shi cikin girmamawa ka tambaya yadda aka jera sunayen da matsayinka a rajistar. Littafin aikinka na ɗakin gwaji, kowane shafi da kwanan wata da sa hannu. Takardun izinin fitar da ƙasar fadamar nan daga Najeriya ka adana su, ai saboda irin wannan ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010, kan raba amfanin albarkatun halittu da ƙasar da aka ɗebo su. Dubi Satoshi Omura na Japan: kafin ya aika wa kamfanin Merck ƙwayoyinsa sai da aka rubuta yarjejeniya. Daga nan aka samu Mectizan ɗin da ake rabawa ƙauyukanmu saboda makantar bakin rafi, kuɗin ya gina wa cibiyarsa asibiti, Nobel kuma ta zo masa a 2015.

Ba kuma cewa nake ka tattaro ka dawo ba. Na ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe jami'o'i wata takwas, na san ƙwayoyin da kake ajiyewa a firiza ba za su jure wutarmu ba. In za ka dawo, ka dawo da sunan da za a ba ka ɗakin gwaji naka.

Na yi maka zafi, na sani, amma ba ni da wani Abban. Hajiya ta haɗa maka yaji da kuka, za a ba wanda zai taho. Ta ce in tuna maka maganar gidan Alhaji, mutane ba za su yi ta jira ba. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina son jin amsar farfesan daga bakinka. Kada ka yi wa Zainabu faɗa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka